Zango Gajere, Yini Dogo: Yadda Wani Ƙaramin Kamfanin Tirela a Ohio Ya Yi Fama da Dokar Hutun Rabin Awa

Wurin da irin aikinsa

Kamfanin na mutum ɗaya ne, wanda ya daɗe yana jan tirelar wasu kafin ya tara abin da ya sayi tasa. Garejinsa yana gefen Columbus, babban birnin jihar Ohio a Amurka, inda manyan hanyoyi biyu suka gitta juna: I-70 mai tafiya gabas da yamma, da I-71 mai haɗa Cincinnati da Cleveland. Kudu da birnin, kewayen filin jirgin Rickenbacker, sito-sito ne jere na manyan 'yan kasuwa, kuma daga can yawancin lodinsa ke fitowa. Motocinsa ba su kai goma ba, kuma babu gadon kwana a cikin ko ɗaya, domin kowane direba a gidansa yake kwana. Da awa ake biyan su. Mutum ɗaya ne a ofis ke raba lodi da amsa waya.

Ko motar ba ta ƙetare iyakar Ohio ba, kayan da ke cikinta daga wata jiha ko wata ƙasa suka taso, saboda haka dokar tarayya ta hau kanta. Hukumar FMCSA, wadda aka kafa a 2000 a ƙarƙashin ma'aikatar sufuri, ita ke tsara awoyin aikin direbobin manyan motoci. Ginshiƙan dokar huɗu ne. Direba ba zai tuƙa fiye da awa 11 ba bayan hutun awa 10 a jere. Ba zai tuƙa ba idan awa 14 sun cika daga lokacin da ya kama aiki. Ba zai tuƙa ba idan aikinsa ya kai awa 60 cikin kwana 7, ko awa 70 cikin kwana 8 ga kamfanin da motocinsa ke fita kullum har ranar Lahadi. Sannan dole ya riƙa cike littafin tuƙi, mai nuna awa nawa ya tuƙa, nawa ya yi wani aikin, nawa ya huta.

Na huɗun ne ake ɗauke wa 'yan gajeren zango. Kafin Satumba 2020 sharaɗin shi ne direba ya tsaya cikin da'irar mil 100 daga garejin da ya tashi, ya dawo garejin, a sallame shi kafin awa 12 su cika. Wanda ya cika sharaɗin ba ya buƙatar littafi. Kamfani ne kawai zai rubuta lokacin shigarsa da na tashinsa da jimillar awoyinsa na ranar, ya ajiye rajistar tsawon wata 6. Shekaru da dama haka kamfanin ya yi ta aiki, Dayton da Cincinnati da garuruwan kusa, ba wanda ya taɓa tambayarsa komai.

Yuli zuwa Disamba 2013

A ƙarshen Disamba 2011 hukumar ta fitar da sabuwar ƙa'ida, ta kuma ba da wa'adi zuwa 1 ga Yuli 2013. Daga ranar, idan awa 8 suka wuce tun hutun direba na ƙarshe, ba zai sake taɓa sitiyari ba sai ya huta minti 30 a jere, hutu na gaske wanda ba ya bakin aiki. Lissafin awa 8 ɗin ba na tuƙi ba ne kaɗai. Duba mota da safe, lodi, jiran layi, duk suna ciki.

Wata ɗaya kacal kamfanin ya yi yana bin wannan. Ranar 2 ga Agusta 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke Washington ta yanke hukunci a ƙarar da ƙungiyar masu manyan motoci ta Amurka, ATA, ta shigar. Kotun ta amince da kusan dukkan ƙa'idar, amma ta soke hutun a kan 'yan gajeren zango. Hukumar ta daina tilasta musu, a watan Oktoba kuma ta gyara rubutun dokar.

Maigidan ya tara direbobinsa a gareji ya ce musu hutun ba nasu ba ne, su 'yan gajeren zango ne. Daga nan maganar ta zauna a bakin kowa a matsayin sunan kamfanin, ba wani sharaɗi da ake cikawa kowace rana ba. A watan Disamba hukumar ta fitar da ƙarin bayani game da direban da ya fara yini a gajeren zango, sai wani abin da bai zata ba ya fitar da shi daga sharaɗin: ya yi hutun a wuri na farko da ya samu mai aminci, ya rubuta a littafi dalilin da ya hana shi yi da wuri. Babu wanda ya karanta wannan bayanin a kamfanin.

Lodin Cleveland da laifin farko

Bayan kamar shekara biyu kamfanin ya samu sabon abokin ciniki, mai sito a Cleveland. Lodi ne mai tsoka, sau da yawa a mako. A nan aka gano cewa mai raba lodi bai taɓa fahimtar ma'aunin ba.

Mil ɗin da dokar ke nufi shi ne na jiragen sama da na ruwa, mita 1,852, kuma a miƙe ake auna shi a kan taswira daga ƙofar gareji, ba yadda hanya ke lanƙwasa ba. Mil 100 irin wannan sun yi daidai da mil 115 na hanya, wato kilomita 185. Cincinnati tana da nisan kusan kilomita 160 a miƙe daga Columbus, tana cikin da'irar sosai, amma da yake agogon mota yana nuna sama da mil 100 kaɗan, mai raba lodi yakan sa direbobi su ji tsoron ta. Cleveland kuwa ta ɗan haura kilomita 200 a miƙe, kusan nisan Kano da Kaduna, tana wajen da'irar. Shi a ganinsa duk ɗaya ne, tunda direba yana zuwa ya dawo ya kwana a gida.

Ga yadda yinin Cleveland yakan kasance. Direba ya kama aiki ƙarfe 5 na asuba, ya duba mota, ya haɗa bodi, a yi lodi. Ya tashi wajen 6:30, ya isa kusan ƙarfe 9. A ce ya jira a kira shi. Wani lokaci sai 12 ake ba shi ƙofa, a gama sauke kaya wajen ƙarfe 1. A daidai lokacin awa 8 sun cika, alhali tuƙin da ya yi bai wuce awa biyu da rabi ba. Duk juyin da tayar ta yi a hanyar dawowa, a bisa doka, laifi ne.

A irin wannan rana aka tsayar da ɗaya daga cikin tsofaffin direbobin a wurin binciken motoci a kan I-71. Jami'in ya tambayi inda ya fito, ya duba takardar kaya, ya nemi littafi. Direban ya ce shi ɗan gajeren zango ne. Jami'in ya rubuta laifi biyu: rashin littafi da rashin hutu. Irin wannan laifi yana zama a kundin kamfani na hukumar tsawon wata 24, kuma masu inshora da dillalan kaya suna leƙawa.

Abin da aka gwada

Matakin farko shi ne sa littafin takarda a kowace mota, a cike duk ranar da aka wuce da'ira ko aka haura awa 12. Wannan ya toshe laifin rashin littafi. Bai taɓa laifin hutu ba, sai ma ya fito da shi fili, domin yanzu direba da hannunsa yake zana layin da ke nuna awa 9 ko 10 babu hutu. Da maigidan ya samu labarin bayanin Disamba 2013, ya so ya fake da shi. Bai yi amfani ba. Bayanin na abin da ya zo bagatatan ne, kamar haɗari da ya rufe hanya. Lodin da aka tsara tun jiya cewa Cleveland za shi ba ya cikin wannan.

Na biyu, direbobi da kansu suka ƙirƙiro shi: su riƙa rubuta jiran sito a matsayin hutu. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin tun Fabrairu 2012 doka ta yarda a lissafa hutawa cikin motar da ke fake a matsayin hutu. Sai dai sharaɗinsa direba ya zama babu wani nauyi a kansa. Wanda ke zaune yana kasa kunne a kira shi ya matsa da mota, ko yana tsaye yana ƙirga kaya, yana bakin aiki. Rubuta akasin haka ƙarya ce a littafi, laifinta kuma ya fi na rashin hutu nauyi. Ga kuma rikicin kuɗi: idan littafi ya ce hutu, rajistar albashi ta ce aiki, wanne ne gaskiya? Maigidan ya hana.

Na uku ya fi daɗewa, kuma a kan takarda ya fi kowanne tsabta. Aka ce kowa, kowace rana, ya tsaya rabin awa ƙarfe 11, ko ina za shi. Abin da ba a lissafa ba shi ne agogon awa 12 ba ya tsayawa don an huta. Yinin Cincinnati da Dayton da a da yake ƙarewa cikin awa 11 da minti 40 ya koma awa 12 da minti 10. Ranakun da a da suke cikin sassaucin suka fara fita daga cikinsa, saboda hutun da doka ba ta ma nema ba a ranar. An gudu ba a tsira ba. Kuma tunda ba a biyan rabin awar, direbobi suka ɗauke ta a matsayin yankan albashi, wasu suka koma rubutawa kawai ba tare da tsayawa ba.

Disamba 2017: na'ura ta shigo

Dokar na'urar ELD, wadda ake jonawa da injin mota tana rubuta tuƙi da kanta, ta fara aiki ranar 18 ga Disamba 2017. An ɗauke wa 'yan gajeren zango, an kuma bar ƙofa ga wanda ke fita daga sharaɗin lokaci-lokaci: zai iya ci gaba da littafin takarda muddin bai buƙace shi fiye da kwana 8 cikin kowane kwana 30 ba. Maigidan ya ga tsadar na'urar da kuɗin wata-wata, ya zaɓi wannan ƙofar. Aka riƙa karɓa-karɓa da lodin Cleveland don kada kowa ya haura takwas.

Mai raba lodi ya riƙa ƙirgawa daga 1 ga wata zuwa ƙarshensa, ya share ya sake sabo. Doka ba haka take ƙirga ba. Kowace rana ana waiwayar kwana 30 da suka gabace ta. Direban da ya yi kwana biyar a makon ƙarshe na wata, ya ƙara biyar a farkon mai kamawa, a allon ofis bai kai takwas ba, a doka kuwa ya yi goma. Haka nan ba a sa ranakun da jinkirin sito ya kai yinin kusa da gida sama da awa 12 cikin lissafin ba.

Daga 1 ga Afrilu 2018 jami'ai suka fara dakatar da duk direban da ya kamata ya kasance da na'urar amma babu. Ba a jima ba abin ya faɗa kan kamfanin. Jami'i ya buɗe littafin wani direba, ya bi kwafin shafukan baya yana ƙirga kwanan wata, ya samu fiye da takwas. Aka dakatar da direban awa 10 a inda yake. Sai da aka aika wani da ƙaramar mota ya je ya tuƙo tirelar, kayan suka makara, abokin cinikin ya yi barazanar janyewa.

Abin da ya tsayar da matsalar

Bayan wannan maigidan ya zauna da rajistar wata shida da takardun kaya, ya bi su rana-rana. Abin da ya gani shi ne tuƙin direbobinsa da wuya ya kai awa 7. Jira ne ke cinye yinin, kuma mafi yawansa a sito biyu ko uku ne. Ba shi kaɗai ba ne: a Janairu 2018 ofishin babban mai bincike na ma'aikatar sufurin Amurka ya ƙiyasta cewa ƙarin minti 15 a matsakaicin jiran sito yana ɗaga yiwuwar haɗari da kashi 6.2 cikin ɗari.

Aka zana da'irar a kan taswira daga ƙofar gareji, aka manna a bango, aka rubuta adireshin kowane abokin ciniki ko ciki yake ko waje. Tun da yamma ake yanke wa kowane lodin gobe hukunci, na gajeren zango ne ko na littafi, direba kuma yana sani kafin ya kwanta. Aka sa ELD a motoci biyu, aka ware direbobi biyu su riƙe Cleveland dindindin, da hutunsu a tsare kafin su baro garin. Ga sauran, an soke hutun ƙarfe 11 na dole, aka maye gurbinsa da kiran waya ɗaya: duk wanda awa 7 suka cika ba a sauke masa kaya ba ya kira ofis. Idan mai raba lodi ya ga yinin zai haura awa 12, sai ya ce masa a fili an ɗauke masa nauyin mota na rabin awa, ya huta, ya buɗe littafi. Lissafin kwana 8 ya koma na waiwaye, ana sabunta shi kowace safiya.

Abin da ya fi tasiri ba daga ofis ya fito ba. An daidaita da siton Cleveland cewa direba zai ajiye bodi cike, ya ja wanda aka riga aka sauke, ba sai ya jira ba. Wannan ya sa sai da aka yi hayar ƙarin bodi. Sauran masu jinkirin aka sa musu kuɗin jira bayan awa biyu, kamar yadda aka saba a sana'ar. Ɗaya ya ƙi, aka rabu da shi. Daga nan zuwa kaka ta 2020 ba a sake rubuta wa kamfanin laifin awoyi ba.

29 ga Satumba 2020 da abin da ya biyo baya

A ranar ce gyaran da aka buga ranar 1 ga Yuni 2020 ya fara aiki. Da'irar ta koma mil 150, kusan kilomita 278 a miƙe. Awa 12 ta koma 14. Hutun rabin awa kuma, ga wanda ya hau kansa, sai bayan awa 8 na tuƙi zalla, kuma duk tsayawar minti 30 a jere ta wadatar, ko da ana lodi ne ko shan mai. Ƙungiyoyin kare lafiyar hanya da ƙungiyar ƙwadago ta Teamsters sun kai ƙara, suna cewa an tsawaita yinin direba an kuma rage shaidar da za a kama mai zarcewa. A Yuli 2022 kotun nan ta Washington ta bar gyaran yadda yake.

Cikin dare ɗaya Cleveland ta shigo da'ira, haka Toledo da Pittsburgh da Detroit. Kamfanin ya karɓi lodin Indianapolis, wadda tsakiyarta ke da nisan kusan kilomita 270. Amma sito-siton da ke yamma da birnin sun faɗa waje da 'yan kilomitoci, Louisville kuwa ta haura 300. An gane wannan da wuri, tunda taswirar tana bango.

Abin da ba a gane ba ya ɓuya a lissafin mako. Kamfanin ba ya fita ranar Lahadi, don haka iyakarsa awa 60 ce cikin kwana 7. A zamanin awa 12, kwana biyar cur sun ba da 60 daidai, shi ya sa babu wanda ya taɓa damuwa da haɗa jimilla. Da aka koma 14, kwana huɗu sun cinye 56, Juma'a ta rage da awa 4. Ko yinin awa 13 ne, biyar sun ba da 65. Aiki bayan awa 60 ba laifi ba ne, tuƙi ne laifi, kuma tuƙin dawowa gida ranar Juma'a da yamma shi ke faɗawa ciki. Mai haɗa albashi ce ta lura, ganin awa sittin da wani abu yana maimaituwa a gaban sunaye ɗaya. Rajistar da doka ta ce a ajiye wata 6 ita kanta ce shaidar laifin, da a ce mai bincike ya zo.

Gyaran bai ɗauki lokaci ba. Aka koma tsara yini a kan awa 12, sauran biyun aka bar su don ranar da hanya ta ɓaci. Kowace Laraba da yamma ake haɗa jimillar kowa kafin a raba lodin Alhamis da Juma'a. Aka sa na'ura a dukkan motocin, aka shigar da 'yan gajeren zango a matsayin waɗanda aka ɗauke wa, tana aiki a matsayin agogon shiga da fita, ranar da aka fita daga sharaɗi kuma littafin yana nan a shirye. Hutun rana ya dawo, wannan karon ana biya. Akwai wani sassauci da ke ba direban da ke komawa gareji kullum damar kai wa awa 16 sau ɗaya a mako, ba tare da ƙarin awar tuƙi ba. Maigidan ya ce sai da izininsa, kuma ranar littafi ce.

Hukunci

Tushen kuskuren ɗaya ne tun 2013: an ɗauki sassaucin a matsayin shaidar kamfani, alhali na direba ɗaya ne a rana ɗaya, kuma sai yamma ta yi ake sanin ko an cika shi. Kuskuren ma'aunin mil, na ƙirgar kwana 8, na awa 60, duk daga nan suka tsiro. Kowannensu lissafi ne da aka bari ba a yi ba saboda an riga an gaya wa kai cewa doka ba ta shafe mu ba.

Matakai ukun farko sun faɗi ne domin sun bi takarda suka bar sito. Hutun ƙarfe 11 shi ne ya fi ba da tausayi, tunda niyyarsa mai kyau ce, amma an ɗora shi a kan yinin da ya riga ya cika maƙil, kuma daga aljihun direba. Canjin bodi a Cleveland ya ci kuɗi fiye da duk littattafan da na'urorin, shi ne kuma kaɗai ya rage awoyin da kansu.

Gyaran 2020 ya yi adalci a wuri ɗaya. Babu hikima a tilasta wa wanda ya yi awa uku zaune a bakin sito ya sake fakewa rabin awa a gefen hanya. Amma masu ƙarar ba su yi ƙarya ba. A yau doka ta yarda ɗan gajeren zango ya kama aiki ƙarfe 5 na asuba, ya tuƙa har awa 11, ya tashi ƙarfe 7 na yamma, babu hutu ko na minti ɗaya da aka wajabta masa, babu na'urar da ta rubuta. Gajiyar mai ɗaga kaya da juya tirela da baya sau da yawa a yini cikin cunkoso ba ta gaza ta ɗan dogon zango ba. A wannan kamfanin abin da ya tsare direbobi daga irin wannan yinin shi ne awa 12 da maigidan ya ɗora wa kansa, kuma kowane sabon lodi mai tsoka da dillali ya kawo yana gwada ta.